Furen Tudun Turba

Na'Allah ya sauke mangala a gaban barikin garin Isa, ya buɗe. Ƙananan furanni ne shuɗɗa, har da saiwarsu. Jiya Baturen gandun daji ya ga guda a hular wani makiyayi, ya yaba. A Gobir kuwa, in baƙo ya yaba abu, ba a kawo masa kaɗan. Shi ya sa Na'Allah, dillalin fata mai neman shiga wurin Turawa, ya yi sammako zuwa tudun koren dutsen nan na bayan ƙauyen Turba, inda ko gero ba ya tsira, ya kwashe su tas.

Bature ya zaɓi uku, ya danne su tsakanin takardu, ya ture sauran.

Tafinta ya ce, "Ya ce bai taɓa ganin irinsa ko'ina ba, Ingila za a raɗa mai suna. Da saura a tudun?"

"Da saura, ranka shi daɗe," in ji Na'Allah.

Adda Habi, tsohuwar ungozoma, ita ta nuna masa tudun, shekarar da matarsa ta haihu jini ya ƙi tsayawa. Saiwar ta dafa mata. Ɗaya take cirewa, ta bar sauran su yi iri.

Na'Allah ya kwashe waɗanda Bature ya ture, ya kora jakinsa zuwa fadamarsa, ya dasa su layi-layi, ya zuba taki, ya yi ban ruwa. Nan Adda ta same shi da la'asar.

"Na hau tudu na iske kamar fara ta sauka. Ga Rahmatu matar Bawa, watan haihuwarta ya tsaya."

"Adda, ga su nan. Ƙasa mai kyau na ba su, har da taki."

"Taki! Kai da wayonka na kasuwa. Abin da ya ga fadama ya ƙi tun Alkalawa na gari, ya zaɓi dutse, shi za ka yi ma gata?"

Ta ɗaga ɗaya da sandarta. Ya riga ya langaɓe.

"Za ni maida su, Adda."

Ta durƙusa tana tsince masu kaurin saiwa, tana ƙullewa a bakin zane.

"Waɗanga na Rahmatu ne, in shanya. Wadda za ta haihu baɗi, kai za ka yi ma mijinta bayani."

Na'Allah ya ajiye fartanya, ya shiga tono sauran da yatsu, a hankali, kada saiwa ta tsinke.