Mai Jiran Gidan Sinyora Ornella

"Don Allah, Sinyora, goge jan bakin nan," in ji Fulvio dillali, yana haki bayan hawa bene huɗu. "Ina sandar da na ce ki jingina kusa da kujera?"

"Ƙafata lafiya lau take."

"Ai matsalar ke nan."

Ornella Bassignana ta yi tsaki, ta goge bakin da bayan hannu, ta ci gaba da jera kofunan gahawa. Shekararta tamanin da ɗaya. Irin cinikin da ta sa gidanta a ciki kowa a birnin Torino ya san shi: mai saye ya biya yanzu, ita ta ci gaba da zamanta, sai ranar da aka fitar da gawarta ya karɓi makulli. Saboda haka masu zuwa ba bango suke ƙare wa kallo ba, ita suke aunawa. Tsohuwa mai tari gidanta ya fi saurin shiga.

Tun da sanyi ya wuce, rana ta fara shigowa ta tagogi, kasuwar gidaje ta tashi. Fulvio ya ce bana masu saye sun fi gidajen yawa, amma da Yuni ya kama kowa zai watse bakin teku. Ita dai abin da ta sani, cikin mako bakwai mutum goma sha tara sun hau benenta, sun zauna, sun ci biskit ɗinta. Kafin nan kuwa, shekara shida tun rasuwar mijinta, in ban da mai duba mitar gas babu mai taɓa mata ƙofa. 'Yarta guda ɗaya tana Kanada, tana bugo waya Kirsimeti da Ista. Tayin masu saye har uku Ornella ta ƙi, kuma ba kuɗin ne suka yi mata kaɗan ba. Ta san ranar da ta sa hannu gidan zai koma shiru, kuma shirun nan ta fi tsoro a kan mutuwar da ake jira mata.

"Yau ne ƙarshe," in ji Fulvio. "Ko ki zaɓa, ko in sauke tallan, gwiwoyina sun gaji. Ga wani kamfani a Milano, ko ragi ba su nema ba. Mutanen kirki. Har ki koma ga Allah ba za ki ga ƙeyarsu ba."

"To waɗannan masu zuwa yanzu fa?"

"Direban bas ne da matarsa. Ɓata lokaci kawai."

Sai ga su. Saverio, ƙato mai tumbi, ya shigo yana share gumi, matarsa Nives na biye da shi riƙe da jaka da hannu biyu. Ko gama gaisawa bai yi ba ya ɗaga kai ya hango tabon danshi a silin kicin.

"Wannan tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ka."

Ya ƙwanƙwasa bango, ya murɗa famfo, ya leƙa bayan wardirob kamar wanda ya ɓatar da kyanwa. Sannan ya zauna, ya zuba suga cokali uku, ya dube ta ido cikin ido.

"Sinyora, akwai hawan jini?"

"Saverio!" in ji Nives, ta taka masa ƙafa.

"Me? Kowa abin da ya kawo shi ke nan, ni dai na faɗa da baki. Ciwon suga fa?"

"Babu."

"Mahaifiyarki shekara nawa ta yi?"

"Casa'in da tara. Ita ma mota ce ta kaɗe ta."

Saverio ya dafe kai. Ornella ta ji dariya ta taso mata daga inda ta daɗe ba ta taso ba. Mutum goma sha tara sun zo suna satar kallon hannunta ko yana rawa, suna yabon labulenta. Wannan ne kaɗai ya yi mata magana kamar mai rai.

"Da wannan tumbin naka," ta ce, "ni zan je jana'izarka. Ajiye biskit ɗin nan."

"Kin ji ko, Nives? Mun shiga uku." Amma bai ajiye ba. Ya haɗiye, ya goge baki. "Gaskiya ɗaya ce, Sinyora. Ban kai kuɗin 'yan Milano ba, da saura yuro dubu ashirin. Shekara ashirin da shida ina tuƙi, abin da na tara ke nan, domin 'yarmu ta samu wurin sa kai wata rana. In na saya, ba zan zauna gida ina hasashe ba. Duk Lahadi sai na zo na duba."

"Duba me?"

"Danshin nan mana."

"Danshi kawai?"

Ya sosa ƙeya. "Da ke."

Nives ta miƙe, fuskarta ta yi ja, tana ba da haƙuri har bakin ƙofa. Ana jin faɗansu yana sauka bene bayan bene, har ƙofar ƙasa ta rufe. Ornella ta tsaya tana sauraro, ta ji falon ya yi mata girma.

Fulvio ya fito da waya yana girgiza kai. "Kin ga irin abin da nake fama da shi. Bari in kira Milano."

"Direban zan sayar wa."

"Wa? Sinyora, dubu ashirin fa! Kuma mutumin nan mutuwarki zai riƙa zuwa dubawa, duk mako, ba kunya ba tsoron Allah!"

"Na ji shi da kunnena."

Ta tattara kofunan, ta nufi kicin a hankali. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Ka tambayar mini shi, kafin abincin rana zai riƙa zuwa ko bayansa? In san yawan taliyar da zan dafa."