Allon da Aka Kashe

Mai Zane yana tsaye kan kujera yana gyara ƙusar hoton ƙarshe sai ga wasu mata biyu sun leƙo zauren ɗakin karatu suna tambayar kuɗin turmi.

"Turmin me?"

"Ba nan aka rubuta baje kolin zane ba?"

Ƙanwarsa, wadda ta rufe shagon ɗinkinta ta zo taya shi, ta nuna musu bango. Suka dubi tsoffin majami'u jere cikin baƙi da fari, suka dubi juna, suka yi gaba.

"Ka gani, Yaya? Da atamfa ka kawo, da tuni mun yi ciniki."

"Riƙe min kujerar."

Rabin rayuwarsa ne rataye a bangon nan. Yakan zauna gaban majami'a da fensir har ya san kowace tsaga ta jikinta, sannan ya koma gida ya sassaƙa ta a allon katako, ya shafa tawada, ya danna kan takarda. Yawancin majami'un yanzu a takardar kawai suke. Wata ta zama gidan mai, wata wurin ajiye motoci, wata kuwa ta faɗi da kanta ta hutar da mutane.

Saura ɗaya, Majami'ar Dutse ta bayan tashar jirgin ƙasa. Ranar Lahadi dattawan ikilisiya za su yanke shawara ko a bar ta, ko a rushe a gina katafaren zaure mai na'urar sanyaya ɗaki. A cikinta aka ɗaura masa aure, a cikinta aka yi wa matarsa addu'ar ƙarshe, amma ya hana kowa kawo wannan zance. Shi dai gini yake kare wa. Don mutum ɗaya ya shirya baje kolin: shugaban kwamitin gini, wanda dattawa ba sa tsallake maganarsa, wanda kuma, cikin ikon Allah, shi ne babban dillalin siminti na unguwar.

Da hantsi ɗalibai suka shigo shan iskar fanka. Wani ɗan jarida ya ɗauki hoton kansa a bakin ƙofa ya tafi. Sai da rana ta karkata shugaba ya iso, waya manne a kunne.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa."

"Baba Mai Zane. Minti kaɗan gare ni."

Ya bi bangon da sauri kamar mai duba kaya a sito. Da ya zo gaban hoton Majami'ar Dutse sai ya tsaya. Ya kashe wayar, ya sa a aljihu.

"Wannan tagar," ya ce, murya ƙasa ƙasa. "A ƙarƙashinta mahaifiyata take zaunar da ni. In na yi gyangyaɗi ta mintsine ni."

Mai Zane ya ji fatan da ya daɗe da sallamawa ya dawo masa. Ya matso yana nuna masa bakan ƙofar: babu ƙarfe ko ɗaya a ciki, dutse ne ya jingina da dutse, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Masu irin wannan hannun duk sun mutu. In ta tafi, ta tafi.

Shugaba yana gyaɗa kai. Har da share gefen ido.

Yana juyowa ya ga allon katakon a kan tebur, wanda ƙanwar ta nace a ajiye don mutane su ga yadda ake aikin. Majami'ar Dutse ce a sassaƙe a juye, hagu a dama, ga wani zurfin yanka ya ratsa ta daga hasumiya har ƙofa.

"Subhana. Wa ya yi maka wannan ɓarna?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ka'idar sana'ar ce. In an gama buga adadin da aka yi niyya, sai a kashe allon."

"A kashe shi?"

"A yanka shi, kada a ƙara bugawa. Shi ke sa hotunan su yi daraja."

Shugaba ya shafa yankan da ɗan yatsa. Fuskarsa ta washe a hankali.

"Wato in an riga an sami hoton, asalin ya gama aikinsa."

"A'a, ba haka nake nufi ba. Allo daban, gini..."

"Baba, wata da watanni ina neman yadda zan fahimtar da tsofaffin nan, ashe maganar tana wurinka. Ga ta nan ka adana mana, har tagar mahaifiyata. Ba ruwanta da gara, ba ruwanta da yoyo." Ya kama hannun Mai Zane da hannu biyu, da zuciya ɗaya. "Hoton nan nawa ne. A mashigar sabon zaure za mu rataye shi, da sunanka a ƙasa. Allon ma a ara min zuwa Lahadi, su gani da idonsu."

Wayarsa ya kunna, ya fita yana cewa direba zai shigo ya karɓa.

Fanka tana ta juyawa. Ƙanwar ta tsaya da tsohuwar jarida a hannu, ba ta dubi yayanta ba.

"Sai ka ce masa ba na sayarwa ba ne."

"Ya riga ya ji abin da ya zo ji."

"To allon fa? Wannan kam kana iya hanawa."

Mai Zane ya dubi yankan. Hannunsa bai ko karkace ba ranar da ya yi shi. Aiki ne mai tsabta.

"Ko babu shi zai ba su labarin, ya ƙara gishiri." Ya hau kujera ya sauko da hoton, ya miƙa mata. "Naɗe masa duka. Ki ninka takarda a kusurwoyin, gilashin ba shi da ƙwari."