Guntun da Ba a Binne Ba

Bayan an cire wa Huraira nonon hagu saboda ciwon daji, likitoci suka gama dube-dubensu, yayanta Ya'u ya je ya karɓi abin da aka cire. Ya naɗe shi a farin ƙyalle, ya hau adaidaita zuwa maƙabartar Tarauni, ya haƙa ɗan rami a gindin katanga ya binne. Abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba a barinsa a shara.

Ya dawo Gyaɗi-Gyaɗi ya ce mata, "Shi ke nan. Ciwon yana ƙarƙashin ƙasa."

Huraira ta warke, ta koma kan kekenta na ɗinki, ko da yake hannun hagun ba ya ɗaguwa sosai. Sai ranar da ta koma asibiti a duba ta, wata matashiyar likita mai bincike, Dakta Fiddausi, ta tare ta da fara'a.

"Hajiya, albishirinki! Naman nan ya kama."

"Wane nama?"

"Ɗan guntun da kika yarda mu ɗauka kafin aiki. Muna rainonsa, yana girma lafiya lau."

Huraira ta tuna safiyar aikin. Duk abin da aka tambaye ta, to kawai ta ce. Ta dawo gida ta rufe keken da zane, abinci ma ta daina ci sosai.

"Yaya, ka binne reshe ka bar saiwa," ta ce. "Har ciyar da shi suke yi. Muddin yana da rai, bai rabu da ni ba."

Ya'u, tsohon masinja ne da ba shi da aiki yanzu sai kiwon tattabaru, bai yi musu ba. Ya yanko wani farin ƙyallen, ya sa a aljihu, suka tafi asibitin.

Ɗakin binciken sanyi ne da shi kamar randa. Fiddausi ta buɗe wani akwati mai ɗumi, irin na ƙyanƙyasar ƙwai, ta ciro ɗan faranti mai jan ruwa. Ya'u ya leƙa, bai ga komai ba.

"Ina marar lafiyar?"

"Sai da madubin ƙara girma, Baba."

Ya ɗora ido a kan madubin. Ƙananan ƙwallaye ne a kwance, kamar ƙwan kwaɗo a bakin kududdufi. Ya daɗe yana kallo har Huraira ta taɓa shi.

"Yaya, karɓa muka zo yi, ba kallo ba."

Fiddausi ta ce, "Naki ne, Hajiya. In kin ce a ba ki, yau zan kashe shi da zafi in ba ki. Amma bari ki ji aikinsa. Ƙwallayen nan suna fitar da wasu 'yan ƙananan kumfa da ido ba ya gani. Mu tara su, mu sa musu rini mai haske, mu saka a jinin ɓeran da ke da irin ciwon. Fatanmu su bi jini su tafi inda ciwon ya ɓuya, a ɗauki hoto a gan shi."

"Gida suke komawa ke nan," in ji Ya'u. "Kamar tattabarata da na sayar wa wani a Darmanawa. Kafin in iso gida ta riga ni."

"Kusan haka. Sai dai da yawa suna yada zango a hanta. Shi ne abin da ya hana mu barci."

"Ai cikin tattabaruna ma akwai marasa tarbiyya."

Huraira ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ni zai yi wa magani?"

"A'a. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ko ya yi nasara, sai bayan shekaru, kuma wasu matan zai amfana."

"Zai iya dawowa jikina daga nan?"

"Ba shi da hanya. In an kwana biyu ba a canza masa ruwa ba, mutuwa zai yi."

Sai a lokacin Huraira ta matso ta duba madubin. Abin da ya kwantar da ita, ya cinye mata gashin kai, shi ne wannan, a kwance yana jiran wata yarinya ta ba shi ruwa.

"Ashe a kurkuku yake," ta ce.

Ta miƙa wa Ya'u hannu, ya ba ta ƙyallen. Ta ninke shi da kyau ta ɗora a kan teburin.

"'Yata, bar shi ya yi aikin wahala, ai ni ma ya wahalar da ni. Amma ranar da kika gama da shi, kar ki zuba a kwata. Ki kashe shi sosai, ki naɗe a wannan, ki aiko wa Yaya. Ya san ramin."

Fiddausi ta ɗauki ƙyallen da hannu biyu ta sa a aljihun farar rigarta.

A hanya Huraira ta tsayar da mai adaidaita ta sayi gurasa, ta cinye tun kafin su kai Gyaɗi-Gyaɗi. Ya'u kuwa yana ta tunanin yadda ɓera zai yi haske daga ciki.