Mataccen Jini

Atika ta karkata ƙwaryar wajen haske ta duba abin da mijinta Halliru ya amayar. Baƙi ne kamar ruwan rini. Sai ta ji sanyi a ranta.

"Alhamdu lillahi, Malam, mataccen jini ne. Ciwon ne ke fita."

Shekara da shekaru gyambon ciki na cin Halliru. In ya murɗa, sai ya jiƙa kanwa ya sha ya koma bakin tukunyar mazarƙwaila, don rake ba ya jiran mai ciwo. Yau ce rana ta farko da mutanen ƙauyensu Gazara suka ga dokinsa tsaye a injin matsa rake.

Atika ba ta iya zaman jira ba. Ita ta aika a kira Lado wanzami ya ƙarasa fitar da dattin. Lado ya kafa ƙaho a bayan Halliru, ya tsattsaga, ya zuƙa, ya juye a kasko.

"Kin gani? Har baƙi-baƙi yake yi. Da wannan ya kwana a jikinsa, sai dai labari."

"A ƙara, Baba Lado, kada a bar saura."

Ya ƙara. Ta kai kaskon bayan ɗaki ta binne jinin, har da take ƙasar da ƙafa.

Ta dawo ta tarar leɓen Halliru ya koma kamar toka, yana neman ruwa. Kafin ta miƙa masa moɗa ya sunkuya, jini ya ɓalle daga bakinsa, wannan karon jawur, kamar an yanka rago. Lado ya tattara zabirarsa ya fice.

A kan jaki aka kai shi Maƙarfi, daga nan aka samu motar da ke ɗaukar mazarƙwaila zuwa Zariya. Kansa na kan cinyarta, tsoro ya hana ta ko addu'a.

A asibiti likita ya duba shi, malamin asibiti ya fassara mata.

"Gyambon ya ci har ya huda babbar jijiya. Ba kasafai ake ganin haka ba. Ana iya yin aiki a ɗaure ta, amma jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Wannan tsagar ta bayansa ta yaushe ce?"

"Ta ɗazu ce."

Ya dube ta, ya kau da kai. "Za ki ba shi naki?"

Tuni ta miƙa hannu. Aka kwantar da ita a wani ɗaki, aka soka allura. Ta zuba wa kwalbar ido tana cika a hankali. Launin ta san shi. Irin wanda ta binne ne.

"Malam, ashe nawa ma matacce ne?"

Malamin asibitin ya ce, "Haka na kowa yake, baiwar Allah. Lafiyayye ne."

Kwalbar ba ta kai rabi ba wata nas ta shigo ta raɗa masa magana. Ya ce innalillahi a hankali, ya zo ya zare allurar.

"Ai bai cika ba," in ji Atika.

Ya danna mata auduga, ya naɗe mata hannun.