Hoto Mai Kunne Ɗaya

Shekara ashirin da shida Ɗago-Haɓa yana ɗaukar hoton fasfo a shagonsa, kuma abin da yake faɗa wa duk wanda ya zauna gabansa shi ya zame masa suna. Dokarsa ba ta canzawa: fuska a tsakiya, haske ko'ina, kunne biyu a waje. Hoton da ya saɓa wa wannan, a wurinsa ɓarnar takarda ce.

Autarsa kuwa hoto ta karanta a makaranta, irin wanda ake ratayewa a bango mutane su tsaya suna gyaɗa kai. An ba ta gurbi ɗaya a wani baje kolin hotuna, da sharaɗin a kai bugagge kafin sha biyun ranar Laraba. Ranar kuma tana da jarrabawa.

"Baba, ka buga min babba ka kai musu. Don Allah kar ka taɓa komai."

"Ni za ki koya wa hoto? Wuce ki tafi."

Da ya buɗe hoton nata a kwamfuta sai ya ga kansa. Ga shi yana gyangyaɗi a kan kujerar shago, can gefen hagu kamar wanda aka kora, rabin fuska cikin duhu, labulen bango ya cinye sauran fili. Hasken ƙofa bai sauka ko'ina ba sai kan hannunsa mai riƙe da kyamara. Kunne ɗaya tak.

"Shekara uku a makaranta," in ji shi, "ba a koya mata ƙirga kunne ba."

Mutum in ya iya abu ɗaya, sai ya ɗauka shi ke nan ilimi ya ƙare. Ya zage damtse. Ya yanke filin, ya jawo kansa tsakiya, ya ƙara haske har kunnen da ya ɓuya ya fito tsirara. Idanun da ke rufe kuwa, ya aro na tsohon fasfonsa ya manna. Ya buga, ya sa a firam, ya tafi yana taƙama.

Mai zaɓen hotunan wata dattijuwa ce mai tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, ofishin biza yana gaba, ba nan ba ne."

"Na 'yata ne, Hajiya. Gyara kawai na yi mata."

"Na ga na asali a wayarta. Ina inuwar?"

"Na kore ta."

"Filin fa?"

"Ba kowa a ciki, me za a yi da shi?"

"Wannan filin shi ne shekarun da mutumin ya yi yana jiran masu shigowa. Duhun gajiyarsa ce. Hasken ya tafi kan hannu ne don hannun ne ya ciyar da gida. Kai kuma ka ba ni wani mai zare ido kamar an kama shi da akuyar mutane. Wannan ba zai hau bangona ba. Akwai masu jiran gurbin."

Ɗago-Haɓa ya buɗe baki ya kare kunnensa, sai ya tuna maganar hannun. Ya dubi hannun nasa, ya dubi agogo. Sha ɗaya saura kwata.

Mutumin da ya zo yana taƙama, da gudu ya koma, har takalmi ɗaya ya rage a bakin tasi. Ya buga na asali, bai taɓa ko ɗigo ba, ko da yake yatsansa ya yi ta ƙaiƙayi a kan maɓallin haske. Saura minti huɗu ya dire shi gaban dattijuwar yana haki.

"Yauwa," ta ce. "Ga hoto."

"Amma Hajiya, kunnen nan..."

"Yana nan a kanka, Malam. Ka riƙe shi, ka riƙa jin magana da shi."

Ranar buɗewa Auta ta ga hotonta a bango ta rungume uban, ta ce ta san ba zai taɓa komai ba. Ya bar ta a haka, don wanda ya ji kunya a ɓoye ba ya neman shaida. Sai dai duk yinin yana tsaye kusa da firam ɗin, yana juya kai hagu da dama a hankali, don jama'a su tabbatar biyu ne.