Dutsen da Barmo Ya Binne

Mu huɗu muka kama bakin tabarmar, muka ɗora Barmo a bayan motar jandarma. Bai fi nauyin damin gero ba. Matarsa Zalika tana daga zaure tana faɗa, wai mutumin da ya kwana tara ko fura ba ta wuce masa, ina za a kai shi cikin wannan rana.

Barmo ya buɗe ido ya dubi babban jandarmomin, wanda muke ce wa Shef Mahaman. "Kun saba ɗaukar wanda bai so. Yau kun samu mai so."

Shef ya yi dariya, ya tuɓe hularsa ya tare masa rana da ita. Ni na ɗora kan Barmo a cinyata, don dangarmu ɗaya da shi shekara talatin.

Maganar burtali ce ta kawo su ƙauyenmu, nan yamma da Dogarawa. Shanun Fulani sun sauko daga arewa, kwana uku suna tsaye bayan tudu, gonaki sun cinye hanyarsu ta zuwa tabki. Bara a nan aka sari mutum. Shef bai zo da ankwa ba. Ya tara mu gindin gawo, manoma da makiyaya, ya ce shi baƙo ne, takardar buro, wato ofishinsu, kuma ta ce akwai burtali amma ba ta faɗi iyakarsa ba, wanda ya sani ya faɗa. Kowa ya nuna inda ya yi masa daɗi. Sai Labbo, dattijon makiyayan, ya ce tun zamanin Nasara an binne tsohon dutsen niƙa a iyakar, kuma cikin waɗanda suka haƙa ramin Barmo kaɗai ya rage. Da aka kai wa Barmo maganar a shimfiɗa, shi da kansa ya ce a zo a ɗauke shi.

Motar tana tafiya kamar jaki, gari duka na biye da ita a ƙafa. Labbo yana dafe da ƙarfenta yana ce masa, "Kaɗo, riƙe ranka har mu kai." Barmo ya ce wanda warin shanun Labbo bai kashe ba, wace rana ce za ta kashe shi.

Muka wuce gonar Chindo, wanda kowa ke zargi, Barmo bai motsa ba. Can ya ce in tada shi zaune. Ya daɗe yana duban tudun, ya dubi kututturen wata kuka, sannan ya ɗaga yatsa. Wurin da ya nuna taki ashirin ne cikin gonar Jibo, babban ɗansa, gero ya nuna yana jiran girbi.

Jibo ya durƙusa jikin motar, ya rage murya. "Baba, ƙara dubawa. Ciwo na rikita ido."

"Ba ido na tambaya ba, hannun ga ya gina ramin. Ni na ci wurin ga shekarar yunwa, kai gado ka yi. Ɗauko hauya."

Wani jandarma ya miƙa hannu zai karɓi hauyar, Shef ya girgiza masa kai. Jibo ne ya haƙa, kansa a ƙasa. Bai kai kamu biyu ba ƙarfe ya yi ƙara a kan dutse.

Na zaci Shef zai zaro takarda. Sai ya juya ya tambayi Labbo kwana nawa shanu za su iya ƙarawa. Labbo ya ce biyu, kuma mutanensa za su shigo girbin. Washegari aka yi gayyar girbe geron da ke cikin burtalin. Jandarma biyu suka tuɓe riguna suna ɗaurin dami, damin yana kwance musu, mata na dariya. Sauran masu gona a kan layin dutsen ba wanda ya jira a kira sunansa.

Ranar Alhamis da hantsi ina zaune bakin shimfiɗarsa, Jibo na yi masa fifita, muka ji ƙasa na amsawa. Barmo ya tambayi ko mene ne, na ce shanu ne.

"Sun bi daidai?"

Jibo ne ya amsa. "Daidai, Baba. Ni na tsaya musu har na gaba sunka shige."

Kafin azahar ya cika.

Shef Mahaman ya zo jana'iza, ya tuɓe takalmansa masu igiya ya shiga sahu. Da aka ɗauki makara, shi da Jibo ne a gaba, ni da Labbo a baya. Zalika, wadda ba ta ko amsa gaisuwar Shef ba ranar motar, ta aika masa da ruwa a ƙwaryar Barmo.

Da la'asar na bi ta gonar. Jibo ya kafa dutsen a tsaye bakin kara. Daga gabas sawun kofato ne har tabki, daga yamma gero a tsaye, ba zangarniya ɗaya da aka taɓa. Wata maraƙa da ta yi baya ta tsaya tana sosa wuyanta a jikin dutsen.