Faranti Marar Tsagi

Asabar ta uku ke nan a jere da Auta take zuwa garejin mahaifinta da jakar littattafan ɗalibanta. Takan ce masa hayaniya ta yi yawa a gidanta, a nan ta fi samun natsuwar duba aikin aji. Shi kuwa sai ya ture gwangwanin kusoshi, ya goge mata gefen tebur da tsumma. Bai taɓa tambayarta yadda aka yi wurin bugun ƙarfe ya fi ɗakinta shiru ba.

Yayanta ne ya sa ta zuwa. Cikin wata biyu, sau biyu tsohon yana tafiya gida ya bar ƙofar gareji a buɗe. Rannan kuma ya je sayen man birki ya kasa gane hanyar dawowa, sai mai shagon ne ya rako shi. Yaya, da yake aiki a wani gari mai nisa, ya ce a rufe garejin kawai, Baba ya koma wurinsa da zama. Auta ta roƙi a ba ta wata guda ta sa ido. Idan kansa da hannunsa suna nan a kan aiki, a ƙyale shi. Idan kuwa ta ga abin da zai iya cutar da wani, za ta faɗa, ba za ta rufe ba. A kan haka suka rabu.

Injiniya mutanen layin suke ce wa Baba. Shekara arba'in da ɗoriya yana cikin wannan ɗakin mai taga ɗaya, sifanoni rataye a bango bisa tsarin girmansu, kowace da ƙusarta. Wasu babura biyu suna jingine a lungu suna jiran gyara. Babur ɗin da ke tsaye a tsakiyar ɗakin na wani likitan dabbobi ne, abokinsa tun suna samari. Babur ne tsohon yayi, babba, baƙi, irin waɗanda aka ƙera da wani ƙululun ƙarfe a gindin kowace ƙafar shokozoba ta gaba. Daga birki ake ja wa ƙululun ɗan tiyo. Da mutum ya kama birki, sai ƙululun ya matse hanyar man shokozoba, don kada gaban babur ya sunkuya da yawa. Dabara ce mai kyau sa'ad da yake sabo. Yanzu robobin ciki sun mutu, mai yana tsiyaya, hannun birki ya yi laushi kamar soso, kuma kayan gyaransa sun daɗe da ɓacewa a kasuwa. Abin da ya rage shi ne a cire ƙululun, a ja tiyo ɗaya kai tsaye zuwa birki, a rufe gurbinsa da ɗan farantin alminiyam.

Tun safe Baba yake kan aikin, kuma yana yin sa yadda ya kamata. Ya tsiyaye tsohon mai a tasa, ya yanka faranti biyu daidai wa daida, ya huda musu ramin kusoshi ba tare da ya sake awo ba. Da aka zo fitar da iska daga birki ya kira Auta ta riƙa matsa masa hannun, yana cewa ta matsa, ta riƙe, ta saki, kamar yadda suke yi tun tana ƙarama. Hannun birkin ya yi tauri. Ta koma kan littattafanta da sauƙin zuciya, har ta fara tsara abin da za ta gaya wa Yaya.

Da yamma Likita ya iso da hular kwanonsa a hannu, yana ɗan ɗingishi. Tun daga bakin ƙofa ya fara tambaya ko tsohon ƙarfen ya gama gyara ɗan'uwansa tsohon ƙarfe. Baba ya ce mai duba haƙoran awaki ba shi da bakin magana a gareji. Suka yi dariya. Likita ya ce gobe da sassafe zai hau hanyar kan dutse, akwai saniyar da ke jiran sa, ga hanyar duk ramuka da gangara. Baba ya goge hannu, ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa masa.

Nan Auta ta ajiye bironta. A garejin nan babu babur ɗin da yake fita sai ya gaida Baba. Haka yake kiran abin: ya sauke shi daga kan ƙafar tsayuwarsa, ya kama birkin gaba, ya danna kan da ƙarfi sau uku, ya ga gaban ya rusuna ya taso. Yau bai yi ba, kuma a fuskarsa babu alamar ya san ya tsallake wani abu. Ta yi tunanin watakila komai lafiya, tun da aikin ya tafi daidai. Idan ta yi shiru, babu wanda zai san an manta. Likita ya riga ya sa hula yana ɗaure igiyarta.

"Baba," ta ce a hankali, "ba ka sa shi ya gaishe ka ba."

Ya dube ta, ya dubi babur ɗin. Ya karɓi makullin da kan babur ɗin daga hannun Likita, ya kama birki ya danna. Gaban bai motsa ba. Ya sake dannawa da dukan nauyinsa, abin ya tsaya ƙyam kamar an dasa icce. Likita ya ce to, yau kuma girman kai ya kama shi, amma babu wanda ya taya shi dariya.

Baba ya durƙusa, ya sa tasa, ya kwance farantin ƙafar dama. A gurbin akwai ramuka biyu, ta ɗaya mai yake fita, ta ɗayan yake komawa. Dole a fafe ɗan tsagi a cikin farantin ya haɗa su, in ba haka ba man ya rasa hanya, shokozoba ta kulle. Mutum ya shiga rami da ita a guje, ƙasa zai sha. Auta ba ta san sau nawa ta ji shi yana yi wa wasu makanikai faɗa a kan wannan kuskuren ba. Farantin da ke hannunsa sumul yake, yana sheƙi.

Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai shi kusa da taga. Auta ta jira ya ja tsaki ya zagi kansa, da hakan ya fi mata sauƙi. Sai ya ɗago kai ya ce, "Uwata, me ya same shi? Ai ya zauna daidai."

Likita ya cire hularsa, ya ce bari ya leƙa waje ya amsa waya, alhali wayarsa ba ta yi ƙara ba.

Auta ta tsuguna kusa da mahaifinta. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan ramin farko, ta kai shi kan na biyu, sannan ta ja layi tsakaninsu a kan farantin da jan bironta. Ta ce man yana neman hanya ne, Baba. Ya daɗe yana kallon jan layin. Daga bisani ya ce, "Tsagi," kamar wanda ya tuna sunan wani da suka daɗe ba su haɗu ba.

Hannunsa bai manta komai ba. Ya ɗaure farantin a bakin tebur, ya fafe tsagin, ya gyara gefensa da magagari har ya yi santsi, ya yi wa na biyun haka. Ya ɗaura, ya zuba sabon mai. Da ya danna kan, babur ya rusuna ya taso sau uku, lafiya lau. Amma bai miƙa makullin ba sai da ya ce Auta ma ta danna ta gani, abin da bai taɓa nema a wurin kowa ba.

Likita ya tafi ba tare da tsokana ba. Ya ce kawai sai ya dawo, ya riƙe hannun Baba ya ɗan jima kafin ya saki.

Suna cikin tattara kaya wayar Auta ta yi ƙara. Yaya ne. Ta fita bakin ƙofa ta amsa. Ya tambayi lafiyar yara, sannan ya tambayi yadda aka wuni a gareji. Ta ce an gama aikin, babur ya tafi. Yaya ya tambaya ko shi ke nan.

Ashe Baba yana tsaye a bayanta da tsumma a hannu. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Gaya masa duka. Na san abin da ya kawo ki da littattafai. Ki ce ya zo ƙarshen wata, amma ya bar ni in mayar wa mutane babura biyun da suka rage. Ba zan taɓa su ba."

Ya koma ciki. Auta ta jingina da bango ta fara faɗa wa Yaya tun daga farko, daki-daki.